Kocin da Aka Koro Zuwa Bencinmu

Ni ne mai bakin nan na bayan raga,
kowa a Lofere ya san muryata.
Ran Asabar nakan jingine babur,
in bar fasinja su taka da ƙafa,
in tafi filin kwaleji in sayi wuri da ihu.

Ranar da 'yan Marwa suka zo mana Garwa
zafi ya kai har kwalta na laushi,
Binuwai ta janye ta bar yashi tsirara.
Golansu siriri ne kamar karan dawa,
safar hannunsa ɗaya ta fi ɗaya girma.
Na ce, yau Allah ya kawo nama har gida.

"Kai, hannun rariya! Wa ya aiko ka?
Tsohon kwando ma ya fi ka riƙo!"
Njidda na dukan galan, Talle na tafi,
dariya na bin benci kamar wutar kara.
Ƙwallon farko ta bi ta tsakanin ƙafafunsa,
na miƙe na rangaɗa masa guɗa.
Yaron bai waiwayo ba.
Wuyansa kawai na gani
yana noƙewa cikin riga.

Kocinsu, wani Malam Hamajoda,
mai furfura a gefe guda na gemu,
ya daure minti talatin yana murza hula.
Sai ya fizgi ƙanƙara daga kular Asta
ya wurgo da dukan ƙarfin kafaɗa.
Ni ya nufa. Ba ni ta samu ba.
Ta fashe a ƙirjin wani tsohon malamin lissafi
wanda tun zuwansa bai ce uffan ba.

Jan kati. Alƙalin wasa ya nuna masa waje.
To, filinmu ba shi da ɗakin huce fushi,
benci huɗu ne da inuwar dalbejiya,
kuma wuri ɗaya ya rage.
Kusa da ni.

Sai da ya je gaban tsohon ya durƙusa,
ya goge masa riga da hularsa,
ya biya Asta dala ashirin ɗinta,
sannan ya zo ya zauna, gwiwarsa na taɓa tawa.

Na shirya wa zagi, na shirya wa mari.
Ko kallo ban samu ba.
Leɓensa na motsi, na ɗauka tasbihi ne,
na kasa kunne:
"Gambo, fito. Fito, ɗana. Yanzu. Yauwa."
Murya ƙasa-ƙasa, ko ƙuda ba za ta kora ba,
ga yaro can, taku arba'in tsakaninsu.
Gwiwar nan na rawa, tana kaɗa tawa.

Njidda ya zungure ni: "Jauro, mutuwa ka yi?"
Na buɗe baki, na tarar ba kowa a ciki.

Can ya ce, idonsa na kan fili,
"Safar hagun nan tawa ce.
Litinin yana da jarrabawa, ƙarfe bakwai.
Kana da gyaɗa?"
Na juye masa rabin ƙullina a tafi.

An tashi biyu da nema. Mu muka ci.
Aka ɗaga kyaftin ɗinmu sama,
galan ɗin Njidda har ya tsage.
Shi kuwa ya karkaɗe ɓawo daga wando,
ya ce, "Allah ya ba ka murya, malam.
Sai ka duba abin da kake saye da ita."
Ya tafi ya dafa kan yaron,
suka nufi motarsu mai fasasshen gilashi.

Ban ce na tuba ba.
Asabar mai zuwa 'yan Gidar za su zo,
kuma an ce golansu yana da tumbi.
Amma daren nan na ɗauki fasinja uku,
daga babbar kasuwa har Yelwa,
jaki ya tare ni, amalanke ya tare ni,
ban danna wa kowa oda ba.